Yaron da Ke Tsakanin Takardu

"Na ce ka fitar min da takardun nan, warinsu ya cika ɗaki!" in ji uwargida.

"Wari? Da warin nan nake ciyar da ku."

"To ka kai shi ɗakinka, ka ci kai kaɗai."

Maigidan yana aiki ne a masana'antar da ke yin falle mai sheƙi, irin wanda kafintoci ke manna wa tebur da kabad. Aikinsa tsoma takarda mai kauri, ruwan ƙasa, cikin gam har ta sha ta bushe. Daga nan sai a jera ta bisa juna, a danne a inji mai zafi, ta koma abu ɗaya. Waɗanda suka yage a gefe ba a kai su inji, su ne ya ɗauro a bayan keke, wai za su yi amfani. Uwargida ta gama mitarta, ta lura sun yi shimfiɗa mai kyau, sai ta jera su a tebur ta yi guga a kai. Da ta kwashe kayan, takardun sun manne, sun ƙame kamar faranti.

Ana idar da sallar magariba dutsen farko ya sauka kan kwano. Suka saurara. Wani ya biyo baya, ya gangaro a hankali, ya faɗo tsakar gida. Maigidan ya ɗauka, ya yar da sauri. Dutsen da zafi.

Sai kuka ya taso daga ɗaki, siriri, kamar na yaron da aka toshe wa baki da filo.

"Auta, ki bari," in ji uwargida ba ta ko waiga ba. Autar gidan ba muryar da ba ta iya kwaikwayo: tarin mai gidan haya, kiran mai sayar da ruwa, har minsharin babanta. Amma ga ta zaune gefen uwar, bakinta a rufe, idonta a kan ƙofar ɗakin.

Haka aka yi ta yi kwanaki. Rana na faɗuwa gidan zai yi tsit, kaji su ƙi shiga akurki, sai jifa, sai kukan. Auta ta daina dariya, ta daina cin abinci. Wata yamma suka same ta tsaye a gaban teburin, tafin hannunta a kan takardun, tana magana da muryar wata mata mai gurnani wadda ba wanda ya taɓa ji a unguwar.

"Ku ɗaga. Ku ɗaga masa."

Maigidan ya fita ba takalmi, ya dawo da malamin da ke yi wa mutane ruƙiyya. Malam ya zauna, ya dafa kanta ta saman mayafi, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Fitila ta rage haske da kanta, jikin yarinyar ya sandare.

"Wace ce ke?"

"Uwar wanda kuka goge."

"Ba mu san shi ba. Ina yake?"

"A bishiya muke. Aka sare ta, aka niƙa, aka shanya, muna ciki. Aka tsoma mu a gam, muka haƙura. Ɗana ya shiga tsakanin takardu yana barci, wannan matar ta zo da dutsenta na guga."

Uwargida ta rufe baki da hannu. "Wallahi wandon maigida kawai na..."

"Har da feshin ruwa," in ji muryar.

"Ba da sani aka yi ba," in ji Malam. "Ki ji tsoron Allah, ki saki yarinyar mutane."

"A ba ni nawa, in ba da nasu. In ya ƙara kwana a ciki, ita ma a hannuna za ta kwana. Ta iya murya, za ta yi min kukansa."

Malam ya dubi maigidan. "Ana iya raba su?"

Maigidan ya ce, "In wuta ta kama su sosai, har abada. In an karya kuma..." Auta ta yi wata ƙara, ya sauya magana da sauri. "Amma zafin guga bai kai na inji ba. In aka kankare gefe aka jiƙa, ruwa zai iya ratsawa."

Malam ya ce, "Kin ji. Za a jiƙa. Ki fita yanzu, ki jira ɗanki a waje."

"Ku fara."

"Tare za mu yi. Takarda na taɓa ruwa, ke kuma ki sake ta."

Can muryar ta ce, "Kada matar nan ta taɓa."

Maigidan ya kankare gefen da wuƙa, ya ɗauki takardun kamar jariri ya kwantar cikin baho. Auta ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta, ta ce da muryarta ta kullum, "Mama, yunwa nake ji." Uwar ta ƙanƙame ta.

Ba wanda ya tashi. Suka zuba wa bahon ido, duhu na sauka, ruwan yana komawa ja-ja. Wani kumfa ya taso daga gefen takardun, wani ya biyo shi, falle na sama ya ɗaga kaɗan ba wanda ya taɓa shi.

Maigidan ya sunkuya, murya ƙasa ƙasa. "Bawan Allah, ka samu fita?"

Daga cikin bahon wata 'yar murya ta ce, "Babu sabulu ne a gidan nan?"