Kare a Cikin Baro

Ni da furfurata, har yau in na hango kare sai in canja hanya in ce inuwa nake nema. Don haka labarin Hadi na Tamawa daga nesa na kalle shi.

Duna karen farautar yayansa Dalhatu ne. Tun da mota ta kaɗe Dalhatu a bakin titin Kurfi, kullum bayan la'asar sai Duna ya je wurin ya zauna yana kallon hanya. Rannan ya dawo da ƙafa uku, ta bayan a rataye.

A asibitin dabbobi na Dutsin-Ma, wata ɗalibar likitanci mai suna Yahanasu ta lanƙwasa gwiwar, ta ji ƙashin yana zamewa.

"Jijiyar gwiwa ce ta tsinke, Malam. Sai an yi masa aiki. Bayan nan sati takwas ba gudu ba tsalle. In ta sake tsinkewa, ya gurgunce ke nan."

"Shi kaɗai Yaya ya bar mini," in ji Hadi.

Ta dube shi, ta rubuta masa lambarta a bayan takardar magani.

Aka yi aiki, aka ɗaure Duna a turke. La'asar na yi ya fara fizgar igiya har ɗinkin ya yi jini, yana kuka kamar mutum. Innar su Hadi ta toshe kunne tana kiran sunan Dalhatu. Hadi ya shimfiɗa buhu a baro, ya ɗora Duna, ya tura har bakin titi. Washegari ma haka.

Saƙon Yahanasu ya shigo: "Mai Baro, cewa na yi kar ya yi gudu, ban ce ka mai da shi ango ba. Yau ya yi taku goma, a hankali. Kai ma ka ci abinci."

Ya mayar: "Likitata, ya yi goman. Ni ne tun da na gan ki ban sake taka ƙasa daidai ba."

Maganarsu ta kai kunnen mahaifinta, Malam Abdulbasit.

"Mai tura kare a baro? An ce ya taɓu. Ga Malam Tukur yana nema, mutum mai hankalinsa."

"Baba, ka je ka gani da idonka."

Malam Abdulbasit ya je. Ya tsaya nesa, ya tattare babbar rigarsa. Ya ga Hadi ya sauke karen a hankali, ya wanke hannu, ya zauna yana yi wa yayansa addu'a, su biyu suna kallon hanyar da ba wanda zai dawo ta cikinta. Sai Malam ya matso.

"Kai Hadi," ya ce daga baya, "yadda ka riƙe amanar mamaci, ba na tsoron ba ka tawa. Turo manyanka. Amma karen kar ya zo ɗaurin aure."

Da sati takwas suka cika, Duna ya je bakin titi da ƙafarsa huɗu. Aka ɗaura aure bayan Juma'a, aka yi ta sa albarka, Inna tana kuka tana dariya. Allah ya ba su zaman lafiya.

Bilya mai tsire, wanda ke hura wuta a bakin titin nan kullum bayan la'asar, ya ce shekara uku ke nan yana jefa wa Duna ƙashi, tun Dalhatu na da rai.