Ranar da Kamarar Baba Ta Yi Barci

Akwai wata yarinya a garin Tasawa, 'yar aji biyar a lakwal, wato makarantar boko. Tana da kai sosai, amma hannunta ba ya zama wuri ɗaya. Duk abin da ta gani da maɓalli, sai ta danna shi.

Babanta, Malam Ɗayyabu, fataucin wake yake yi. Yau yana kasuwar Urafan, gobe yana Mayahi. Da yake ba ya wuni gida, sai ya kira Kawu Zubairu, ƙanen Inna, mai aikin lantarki, ya kafa masa kamara.

Kawu ya manna ta a jikin bango. Tana kallon ƙofar gida, da tsakar gida, da turken ragon da Inna ke kiwo don Layya. Ya ja waya har falo, ya haɗa da wani baƙin akwati kusa da tele.

Ya ce, "Kamarar nan ba ta ɗaukar komai sai ta ga motsi. Da ta gani, akwatin nan zai naɗe hoton, salular Malam kuma ta yi ƙara."

Yarinyar ta ce, "Ko ƙuda ne ya wuce, Kawu?"

"A'a. Kin ga wannan layin a tele? In aka ja shi gefe ɗaya, komai ƙanƙantar motsi sai ta gani. In aka ja shi ɗaya gefen, sai ta yi barci. Na bar shi a tsakiya."

Ita dai ba layin take kallo ba. Idonta yana kan ɗan abin da Kawu ke murzawa a kan tebur.

"Mene ne wannan?"

"Suri ake ce masa."

"Mushe, malaminmu, ya ce suri ɓera ne da Faransanci!"

Kawu ya yi dariya. "To, wanga ɓeran ba naki ba ne. Kada ki taɓa shi."

Dokar gidan ita ce, in ta taso daga lakwal, sai ta gama aikin da Mushe ya ba su kafin wasa. Inna tana zuwa Islamiyya da la'asar, don haka a da babu mai sa mata ido.

Washegari ta ajiye kayenta, wato littafin rubutu, ta zana gidan 'yar gala-gala a ƙasa. Tsalle biyu ta yi, sai wata murya ta fito daga bango.

"Ke! Na gan ki! Koma ga karatunki!"

Ta kurma ihu, ta faɗi zaune. Ashe kamarar har magana take yi, kuma da muryar Baba! Daga kasuwa yake kallonta a salula.

Haka aka yi kwana uku. Ta ɗaga ƙafa, bango ya yi magana. Ta leƙa waje, bango ya yi magana.

Ta ce a ranta, "Ban taɓa ganin magulmaciya irin wannan ba. Sai na sa ta barci."

Da safe, Baba ya hau moto ya tafi Urafan, Inna tana madafa. Yarinyar ta sulale falo, ta kama suri. Ga layi a tele. To, wane gefe ne na barci? Ta manta. Ta ce, "Dama ta fi albarka." Ta ja shi dama har ƙarshe, ta tafi lakwal.

Da la'asar ta dawo, ta tsaya gaban kamara. Ta ɗaga hannu. Shiru. Ta yi tsalle. Shiru. Daɗi ya kama ta. Ta kifa bokiti a kai, ta tiƙa rawa har ta gaji. Sannan ta ɗaga bokitin, ta yi wa kamara gwalo.

"Yi ta barci, magulmaciya! Ni na sa ki!"

Da magariba Baba ya dawo fuska a murtuke.

Ya ce wa Inna, "Yau kamarar nan ta haukace. Tun safe salula take kuka. Na duba, kaza. Na duba, ganyen bedi. Wani ƙadangare ya gaishe ni ya fi sau ashirin, yana ta gyaɗa mini kai! Ina cikin awo, mutane na ta dariya. Ƙarshe kashe salular na yi, na cusa ta cikin buhun wake."

Inna ta yi dariya har da hawaye. Yarinyar kuwa sai a lokacin ta gane. Ashe ba barci kamara ta yi ba. Baba ne ya daina dubawa.

Da gari ya waye ta sake komawa falo, ta ja layin hagu har ƙarshe.

Wannan karon kam kamara ta yi barci. Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, ta gyaru da kanta." Yarinyar ta samu sake. Kwana biyu tana wasa son ranta, kaye yana kwance.

A rana ta uku, saura kwana biyar Sallah, ta ruga gidan su ƙawarta Mardiya. Garin sauri ta bar ƙofa a buɗe. Da ta dawo, sai ta tarar da Inna tsaye a bakin turke, hannu a ka. Igiya ce kawai a wurin. Babu rago.

Inna ta ce, "Wata shida ina kiwonsa!"

Aka nema a unguwa, ba a gani ba. Da Baba ya dawo ya ce, "Ku kwantar da hankalinku. Ai don irin wannan rana na sa kamara."

Ya kunna tele. Babu hoton yau, babu na jiya, babu na shekaranjiya.

Ana cikin haka wani maƙwabci ya ce ya ga Bube ya wuce da garkensa ta ƙofar gidan da la'asar. Bube makiyayi ne, abokin Baba na shekara da shekaru. A wurinsa ma aka samo ragon tun yana ƙarami.

Fuskar Baba ta canza. Ya ce, "In ragon ya bi garkensa, me ya hana shi maido da shi? Gobe da shi da ni sai gaban mai unguwa."

Inna ta ce, "Malam, kada ka yi gaggawa. A kira Zubairu ya duba tukuna."

Bube ne mai kawo wa yarinyar aduwa da magarya duk sanda ya shigo gari. Ta buɗe baki, tsoro ya rufe shi.

Da sassafe Kawu Zubairu ya zo. Ya ce, "Ɗaya bayan ɗaya za mu bi. Akwai wuta?"

Akwai. Ya bi waya tun daga akwati har bango, ba ta tsinke ba. Ya hau tsani, ya share yanar gizo-gizo daga idon kamara. Ya duba ko cikin akwatin ya cika. Bai cika ba.

Ya ce, "Malam, je ka gabanta ka motsa mu gani."

Baba ya je ya wuce. Shiru. Ya dawo yana kaɗa hannu. Shiru.

"Ƙara motsi, Malam!"

Baba ya tattare babbar riga ya yi tsalle, hularsa ta faɗi. Salula ko tari ba ta yi ba. Inna ta toshe baki da gefen mayafi.

Kawu ya koma falo ya kama suri. Can sai ya ce, "Af! Ga ciwon. An ja layin nan hagu har ƙarshe. Ko raƙumi ne ya shigo, ba za ta gani ba. Kuma layi ba ya tafiya da ƙafarsa."

Yarinyar ta fara matsawa wajen ƙofa.

Kawu ya ce, "Bari mu ga hotunan ƙarshe da ta naɗe."

Ga kaza. Ga ganye. Ga ƙadangare yana gyaɗa kai. Sai ga wani abu mai kan bokiti yana tiƙar rawa.

Baba ya ce, "Subhanallahi! Wane aljani ne wannan a gidana?"

Aljani ya ɗaga bokiti, ya yi gwalo. Murya ta cika falo: "Yi ta barci, magulmaciya! Ni na sa ki!"

Kowa ya juyo. Yarinyar ta fashe da kuka.

"Ni ce, Baba. Na ja dama, na ja hagu. Kuma ni na bar ƙofa a buɗe jiya. Ba ruwan Baffa Bube."

Baba ya ce, "Taɓa akwatin laifi ne. Amma shirun da kika yi jiya ya fi shi muni. Saura kaɗan in ɓata sunan mutumin kirki."

Bai rufe baki ba sai aka ji sallama. Bube ne a ƙofa, yana jan rago da rawaninsa.

Ya ce, "Malam Ɗayyabu, ga ɗanku. Yau da asuba na same shi a bakin rijiya, ya tura kai cikin harawar wani. Ina ganinsa na gane shi."

Kunya ta kama Baba. Ya riƙe hannun Bube ya ce, "Ka yafe mini. Jiya na yi maka mummunan zato."

Yarinyar ta durƙusa. "Baffa, ni na jawo. Ka yi haƙuri."

Da Bube ya ji labarin, ya ce sai an nuna masa rawar. Ya kalla sau biyu, yana dariya har ya zauna ƙasa. Ya ce, "Na yafe, 'yata. Amma fa kin iya rawa!"

Baba ya yanke hukunci. Har ranar Sallah, ita za ta riƙa ba rago dusa da ruwa, ta share turke, kuma babu wasa.

Kawu ya kira ta kusa da tele. Ya mayar da layin tsakiya. Sannan ya nuna mata yadda ake zana wa kamara wurin da za ta sa wa ido. Suka zana ƙofar gida da turke kawai.

Baba ya ce, "Tsakar gida fa?"

Yarinyar ta share hawaye. "Baba, zan yi karatuna ko ba mai kallona. Na yi alkawari."

Baba ya dube ta, ya ce, "To, na yarda da ke."

Ta kuwa cika alkawari. Ragon ya ƙara ƙiba, Mushe kuma ya yaba aikinta a gaban 'yan aji.

Tun daga ranar ta koyi abu biyu. Abin da ba ta san kansa ba, takan tambayi manya kafin ta taɓa. In kuma ta yi kuskure, takan faɗi gaskiya da wuri, kafin laifinta ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba.