Hajiya Sanatu Ta Bi Sawun Jini

Ƙamshin kafur bai taɓa barin gidan Kaka Safara'u da ke unguwar Maamobi a birnin Accra ba. Ko kifi aka soya, in ka shigo kafur ne zai fara tarbarka. Shekara arba'in ke nan tsohuwar tana wankan gawar mata a Nima da Maamobi, tun zuwanta daga Maraɗi tana amarya. Yanzu da gwiwa ta ƙi, jikarta Ruhaina ce ke riƙe mata buta da likkafani. Ruhaina kuwa irin 'yan matan nan ne da in sun yi magana uku a wuni sai a ce yau an sha surutu. Sai dai idonta ba ya wuce komai.

Ranar wata Laraba suka dawo daga wanka da tsakar rana. Ruhaina ta zauna bakin rijiya, ta tura kwanon wake da shinkafa gefe, tana ta kallon tafin hannunta. Da kakar ta tambaye ta lafiya, sai ta ɗago kai ta dube ta.

"Kaka, ta shida ke nan tun ƙaramar salla. Dukansu masu jego ne, kuma dukansu tafin hannunsu fari fat. Ba sauran jini a jikinsu."

Tsohuwar ta sani, ta dai bar wa Allah ne. Yawancinsu kayayo ne, 'yan matan arewacin ƙasar masu dakon kaya a ka cikin babban baho. In haihuwa ta zo da zubar jini, asibiti kan nemi dangi su ba da nasu, su kuwa ba su da kowa a Accra. Mutanen Zango kuma, wato unguwannin Hausawa irin su Nima da Maamobi, a ce su miƙa hannu a ɗebi jini, gara ka ce su shiga wuta, domin kowa ya ji daga bakin wani cewa 'yan damfarar da ake kira 'yan sakawa ake sayar wa su yi tsafin kuɗi da shi. Abin da Ruhaina ba ta gaya wa kowa ba shi ne, tun wanka na uku, duk sanda ta bi lungun bayan masallaci rana tsaka, sai ta ji an dire baho a bayanta, kamar wata ta gaji ta sauke kaya. In ta waiga sai bangon kwano da inuwarta.

Mutum ɗaya ta iya faɗa wa maganar jinin, wato Mubashir, saurayin da manyansa za su kawo goron neman aurenta bayan babbar salla. Mubashir mai ba da hayar lasifika ne a bukukuwa, shi da kansa ma lasifika ce, ko gaisuwa yake yi a Nima ana jiyo shi a Alajo. Yadda mai shiru da mai hayaniya suka ƙulla soyayya, Allah kaɗai ya sani, amma yana sonta so na gaske, ita ma in ta ji muryarsa daga nesa sai zuciyarta ta yi sanyi.

Ta faɗa masa a jimla biyu. Kafin la'asar ya mayar da su huɗuba, yana ta "cale", wato aboki a bakin samarin Accra.

"Cale, wannan siriyos ne fa! Mata na mutuwa muna nan muna shan shayi? Bar ni da su, Ruhaina, ke dai ki zuba ido."

Ya ɗaura lasifika a keken kaya mai ƙafa uku, ya zaga lungu-lungu yana kiran a zo a ba da jini. Ƙawar Ruhaina, wata nas mai suna Wadia, wadda ko cokali ba ta ajiyewa a karkace, ita ta bi ofis-ofis ta samo izini, ta nemi fatawar liman, ta sa aka kafa rumfa a filin makaranta ranar Asabar. Kujera ɗari suka jera. Mutum bakwai suka zo, Mubashir na farko. Sauran jama'a suka tsaya daga nesa, jingine da bango, suna kallon jakar jini tana cika a hankali.

Kafin Litinin labari ya canza kama. Aka ce gidan masu wankan gawa matattu sun daina isarsu, sun koma kan masu rai. Aka ce yarinyar nan mai shiru ba banza take shiru ba, ta shanye ɗan mutane ta kai jininsa inda ta kai. In Ruhaina ta fito ɗiban ruwa, sai iyaye mata su janye 'ya'yansu, lungu ya yi tsit har ta wuce. Mai koko ta daina karɓar kuɗi daga hannunta, sai dai ta ajiye a kan tebur.

Ranar Talata Hajiya Sanatu, mahaifiyar Mubashir, ta iso. Ita ce shugabar masu albasa a kasuwar Nima, mace ce da ba ta yarda da komai sai ta gani. Ko ɗan'uwanta ne ya kawo buhu, sai an zazzage shi har gindi. Da ma da ƙyar ta amince da maganar auren. Ba ta shiga gidan ba. Ta tsaya a ƙofa, ta toshe hanci da gyale, ta yi magana da Hausarta ta Zango wadda mace da namiji duk "kai" ne.

"Ruhaina, fito ka ji. Goro babu, aure babu, kwata-kwata. Kuma jinin ɗana da ka ɗauka, ka mayar mini da abuna."

Ruhaina ta durƙusa, hawaye na zuba, amma bakinta ya ƙi buɗuwa. Ba ta taɓa jin haushin shirunta irin na ranar ba.

Da yamma Mubashir ya zo idonsa jawur. Ya yi rantsuwa zai bar gidan uwarsa, ya kama ɗaki a Kokomlemle, ya nemo kawunsa a ɗaura aure ko tana so ko ba ta so. Ruhaina ta bari ya gama zubar da wutarsa, sannan ta ce ita ba za ta shiga gidan da uwa ke kuka a bayansa ba, ko da kuwa za ta rasa shi. Ya tafi yana huci, ita kuma ta shiga ɗaki ta yi kukan da ba ta yi a gabansa ba. Kwana huɗu ba ta fita ba sai wanka ɗaya da aka kira su. A hanyar dawowa ta ji bahon nan an dire shi dab da dugaduganta, har iskarsa ta taɓa zanenta.

Kaka Safara'u ce ta ba ta shawara. Ta ce duk Zango an san Mubashir da zuzuta magana, an san Wadia ma'aikaciyar asibiti ce, ita Ruhaina kuma tsoronta ake ji, don haka ba wanda zai miƙa hannu saboda su. Amma macen da ba ta yarda da kowa, ranar da ta ce ta gani, ba mai musa mata.

"Ta ce a mayar mata da jinin ɗanta. To, ki kai ta ta karɓo."

Washegari Ruhaina ta ratsa kasuwa, mata na darewa suna ba ta hanya, ta durƙusa gaban tulin albasa ta ce, "Mma, ki zo mu je ki karɓa da hannunki." Hajiya ta dube ta sama da ƙasa. Ta ɗaure gyale a ƙugu, ta shaida wa maƙwabtanta cewa in ba ta dawo kafin magariba ba sun san gidan da za su tambaya. Suka hau trotro, motar haya, zuwa asibiti.

Wadia ta roƙi shugaban ɗakin ajiyar jini, ya bari su leƙa. Ɗakin yana can ƙarshen wani dogon baranda marar taga, sanyinsa irin wanda Ruhaina ta sani ne a wurin aikinta. Ba a jin komai sai gurnanin firji. Ta cikin gilashi ana hango jakunkuna baƙi-baƙi a kwance, 'yan kaɗan, sauran kantocin fayau. Hajiya ta ja da baya tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Amma hali ya fi ƙarfin tsoro. Ta matso, ta shiga tambaya: wa ke riƙe da makulli, wa ke sa hannu, lambar nan ta mece ce, in jaka ta fita ina ake rubutawa. Awa biyu tana zazzage mutumin nan, yana share gumi cikin sanyi. A ƙarshe ya nuna mata lambar da ke kan katin ba da jini na Mubashir a cikin littafi. Jakar ta fita tun safe, zuwa ɗakin masu haihuwa.

Hajiya ta ce sai ta ga ɗakin. Wadia ta ce doka ta hana a faɗi wadda aka sa wa jinin wani, amma babbar nas ta yarda su shiga gaisuwa.

A gadon ƙarshe wata yarinya ce kwance, ba ta fi shekara goma sha tara ba, jariri a gefenta, ba kowa a kujerar 'yan dubiya. Ta yi shiru, ta miƙe sambal, har Ruhaina ta ji hannunta na neman buta don sabo. Jaka na rataye a sama, jini na sauka ɗigo-ɗigo. Ruhaina ta kama hannun yarinyar ta juya shi. Tafin ya fara yin ja, kuma da ɗumi. Irin hannun nan shida ta riƙe, yau ne kaɗai ɗaya ya matse nata. Ta fashe da kuka.

Hajiya ba hannun take kallo ba. Ɗankwalin yarinyar ya zame, tsakiyar kanta ba gashi, fatar ta yi kanta saboda ɗaukar baho. Hajiya ta ɗora yatsunta a wurin. Sannan a hankali ta ture nata ɗankwalin baya, sai ga irin wannan tabo a ƙarƙashin furfura.

"Da baho na shigo Accra," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ni da ƙanwana Sabuwa. Ya haihu, jini ya ƙi tsayawa. Likita ya ce in ba da nawa. Mutane suka ce kar ka yarda, sayarwa za su yi. Ni da ba na yarda da kowa, ranar na yarda. Na gudu na ɓuya a kasuwa." Ta share fuska da gefen gyale. "Kakanka ne ya wanke shi. Shekara talatin, in na ji warin kafur ɗin gidanku, Sabuwa nake gani."

 Ruhaina ta riƙe hannun Hajiya suka zauna a wurin har aka kira la'asar. Kafin su fita Hajiya ta naɗe hannun riga, ta ce wa Wadia a ɗebi nata, kuma a rubuta sunanta da kyau don za ta dawo ta duba.

Abin da ya biyo baya har yau ana labarinsa. Hajiya ta hau kan buhu a tsakiyar kasuwa, filasta a hannunta, ta ce ta je, ta gani, ta ƙirga, ba mai sayar da jinin kowa, kuma duk mai musu ya zo ta kai shi. Ba wanda ya zo. Masu albasa suka gaya wa masu tumatir, masu tumatir suka gaya wa mahauta. Mubashir ya sake hawa kekensa, wannan karon ana fitowa a saurare shi. Wadia ta buɗe rajistar masu ba da jini unguwa-unguwa, da lambar wayar kowa, ta yadda ko kayayo marar dangi ce ta kwanta, akwai wanda za a kira. Asabar ta gaba kujera ɗari ba ta isa ba. Tun daga ranar Ruhaina ba ta ƙara jin an dire baho a bayanta ba. Kafin shekara ta zagayo, Alajo da Sabon Zango sun aiko a koya musu.

'Yan'uwa matasa, ku duba nan da kyau. Da Ruhaina ta bi zuciya ta yarda a ɗaura aure bisa hawayen uwa, da ta sami miji ta rasa komai. Ta yi haƙuri, Allah ya ba ta duka. Kuma kar wanda ya raina halin wani. Da ba mai shirun da ke lura, ba wanda zai san ana mutuwa. Mai hayaniya ya kai maganar kunnen jama'a, mai tsari ta ba ta ƙafafun tsayawa, amma duk da haka gari bai motsa ba sai da mai taurin kai ta gani da idonta. Halin da ke ba ka haushi a gidanku, wataƙila shi al'umma ke jira.

Ranar kai goro al'ada ta ce maza ke zuwa, amma Hajiya Sanatu ta biyo su, ba wanda ya isa ya hana ta. Ta cire takalmi, ta shiga har ɗakin Kaka Safara'u, ta durƙusa ta gaishe ta, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Mubashir yana waje, an ce masa ya yi shiru, yana ta fama. Da Hajiya ta fito sai ta kira amaryar ɗanta gefe, ta kama hannayenta biyu ta jujjuya su, ta duba ciki da baya.

"Ruhaina, ɗana na ba ka shi, ka ji da surutunsa. Amma ni ma ina da roƙo. Ranar da tawa ta zo, kai za ka wanke ni. Ban yarda da hannun kowa ba."