Alkamar da Tattabarun Harami Suka Ci

Ku matso nan dukanku. Saudatu, ajiye butar shayin nan, ba shayi ya tara mu ba. Lurwanu, daina jan carbin, ka ba ni kunnenka. Kai kuma Babba, tunda na haife ka ban taɓa kama sunanka ba saboda kunyar ɗan fari, amma yau zan kama. Mukhtaru, zauna inda zan riƙa ganin idonka. Labarin gidan nan zan ba ku. Kowannenku ya san guntunsa, ni kaɗai na bi shi har ƙarshe.

Bayan an gama babban yaƙin Turawa, wata yarinya ta iso Jarwal, unguwarmu ta nan Makka, tare da ubanta, a ƙafa, ta hanyar Sudan. Sunanta Rumasa'u. Uban ya sauke farali, zazzaɓi ya kwantar da shi a Mina, bai tashi ba. Yarinyar ba ta yi bara ba. Ta samo kasko, ta zauna bakin lungunmu tana tuyar ƙosai.

Ta nan autana Ja'afaru yake wucewa kullum, garwa biyu rataye a sanda, daga bazan inda ake ɗiban ruwan unguwa. Ina daga taga ina jin su.

"Ke 'yar Sudan, ƙosanki ya yi gishiri yau."

"Ruwanka ne ya yi tsada, ɗan Makka. Da hawaye na kwaɓa."

"To gobe garwa guda kyauta."

"In kyauta ce ka kai masallaci. Ni saye nake yi."

Tun ranar na san yaron nan ya tafi. Mutumin da sai na yi masa tsawa yake wanke ƙafa, sai ga shi yana shafa turare zai je ɗiban ruwa.

Da ya kawo maganar aure, kun tuna abin da kuka ce? Ni na tuna. Mukhtaru ya ce, "Mu haifaffun nan ne, Inna. 'Yar hanya ce, ba uba ba dangi." Saudatu ta kwaikwayi karyayyen Larabcinta har kuka kwanta don dariya. Na ce muku ni ma a ƙafa na zo, da ƙullin garin rogo a ka, kuma daga cikin 'yar hanyar kuka fito. Aka ɗaura aure.

Ban taɓa ganin zaman da ya kai nasu daɗi ba, kuma ban ga wanda aka hana sakat kamarsa ba. In ya yi magana a kan gida, Mukhtaru ya ce mai garwa ba ya sa baki inda masu kanti suke. In ta dafa abinci, Saudatu ta ce warin hanya yake yi, ta kuma cinye. Yaron ya haɗiye har maƙogwaronsa ya cika. Rannan ya shigo ya ce kamfanin mai na gabas yana ɗaukar leburori, gobe lori zai tashi.

Rumasa'u ta riƙe bakin rigarsa a zaure. "Ni ban ce ina son komai ba. Ɗakin nan ya ishe ni."

"Ni bai ishe ni ba," ya ce. "Hajji biyu kawai, ƙosai mai gishiri. In na dawo in gina miki ɗaki a unguwar Zahir, mai taga, inda ba mai gaya miki magana."

Shekarar farko wani direba ya kawo mata turmin atamfa da ƙullin gero, ya ce mai saƙon ya ce a gaida mai gishiri. Ta rungume geron tana dariya tana kuka, don ya san alkamar ƙasar nan ba ta zauna mata a ciki. Daga nan shiru. Hajji ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, har na daina lissafi. Sai Mukhtaru ya fara shigowa kowace Juma'a da mudun alkama, ya dire a ƙofar ɗakinta ya ce, "Ja'afaru ya aiko ta hannun direbobi, nafaƙarki ce." Ni kaina na yarda, don uwa tana son ta yarda.

Ana nan wani yaron mota ya watsa magana a kasuwa cewa wai Ja'afaru ya biya ta mahkama, wato kotun alƙali, kafin ya hau lori, ya rubuta saki ya bari. Maganar ta zagaya har ta shigo kunnenta. Ta zo ɗakina da hantsi, idanunta jawur.

"Inna, ki raka ni a duba. In ɗanki ya sake ni, gara in sani."

Muka tafi. Ban taɓa shiga makaranta ba, karatuna a bayan ƙyaure na tsince shi ina jin yara suna biyawa, amma ba a yi ƙofar da nake tsoro ba. Katibin mahkama, wato magatakarda, ya dube mu ta saman tabarau ya ce, "Ya Hajja, ki turo namiji."

Na ce, "Ya waladi, namijin muke nema. Da muna da shi da ba ka gan mu ba."

Ya yi dariya, ya tambayi sunan miji da na ubansa da shekarar tafiya. Ya sauko da manyan littattafan nan masu ƙura, yana bin layi da yatsa. Bai gama ran nan ba, muka koma, muka sake komawa. A ƙarshe ya rufe na ƙarshen ya ce, "Babu sakki, wato takardar saki, da sunan mutumin nan. Matarsa ce har yanzu."

A kan matakalar mahkama ta zube ta kama ƙafata. "Inna, bai sake ni ba. Kin ji? Bai sake ni ba."

Na bar ta ta yi murnarta har muka kai gida. Da ta huce na ce, "'Yar nan, bai sake ki ba, bai kuma riƙe ki ba. To ke mece ce?" Na ce mata shari'a ta buɗe ƙofa ga macen da miji ya ɓace mata, ta kai ƙara alƙali ya raba auren. Ta toshe kunne. Sai da wasu shekaru suka ƙara wucewa, furfurar farko ta fito mata a goshi, ƙawayenta suna aurar da 'ya'ya, sannan ta zo da kanta ta ce, "Mu je."

Katibin ya rubuta ƙararta, aka sa rana, aka ce 'yan'uwan miji su zo. Kun tuna ranar, ku biyu. Kun sa fararen kaya kamar masu zuwa Idi. Alƙali ya tambaye ku ina mutumin. Mukhtaru ya ce, "Yana raye a gabas, Allah ya gafarta malam, kuma nafaƙarta ba ta taɓa yankewa ba." Lurwanu ya gyaɗa kai ya ce haka ne.

Alƙali ya juya wajenta. "Abincin nan yana iso ki?"

Ta sunkuyar da kai. "Yana isowa."

Ya ce tunda mijin yana raye yana ciyarwa, ba zai raba ba tukuna, 'yan'uwa su aika masa ya dawo ko ya sawwaƙe mata. Kuka ce tayyib, kun ji, za ku aika. Alƙali ya yi hukunci da abin da aka ajiye a gabansa, ban ga laifinsa ba. Muka dawo gida, ta ɗaura zane ta shiga kicin, don alhazai sun cika mana ɗakunan haya suna jiran tuwo.

Da a nan labarin ya tsaya da ban tara ku ba. Makon jiya na je Harami da safe. Kun san Ramlatu, tsohuwar nan mai sayar da alkamar da ake watsa wa tattabaru a kan tsakuwa. Ta tare ni tana huci.

"Asiya, ki ja wa surukarki kunne. Kasuwata take kashewa."

"Wace kasuwa?"

"Duk Juma'a sai ta zo da mudu guda cur ta watsa. Tattabarun su ƙoshi su yi luf, alhajin da ya sayi tawa ya watsa, ko kallonta ba sa yi. Shekara da shekaru ke nan. Ko mijinta sarkin alkama ne?"

Sai a lokacin na tuna ban taɓa jin ƙarar dutsen niƙa daga ɗakinta ba. Juma'ar da ta wuce na bi bayanta. Na same ta tsaye, tattabaru sun rufe mata ƙafa, tana ɗiba da hannu tana watsawa, bakinta yana motsi. Na dafa kafaɗarta, ta razana.

"Me kike yi da abincin mijinki?"

Ta dubi tsuntsayen ta ce, "Inna, ba nasa ba ne. Tun mudun farko na sani. Ɗanki ya san ba na cin alkama. Kuma da shi ne, ko tsakuwa ya aiko sai ya haɗa da tsiya, sai ya ce a gaida mai gishiri. Wannan ba gaisuwa take zuwa."

"To me ya hana ki faɗa wa alƙali?"

"Ya tambaye ni ko tana isowa, tana isowa. In tsaya gaban mutane in ƙaryata yayyensa? Idan ya dawo da wane ido zan dube shi?" Ta share fuska da gefen mayafi. "Na ga tunda da sunansa aka kawo, bari ta zama tasa da gaske. Sadaka nake masa. In yana raye Allah ya juyo da shi, in ya riga mu ta same shi a can."

Na binne ubanku ban yi kuka a gaban mutane ba. Ran nan a tsakiyar Harami na yi, har wata hajiya 'yar ƙasar Jawa ta miƙo mini zamzam.

Amma ni ba a kuka nake tsayawa ba. Na tafi tashar lorin gabas da ƙafata, na bi direbobi ɗaya bayan ɗaya, tsofaffinsu da sababbinsu. Ba wanda ya taɓa kawo wa Mukhtaru saƙon ƙanensa. Wanda ya kawo atamfar nan ya ce tun shekarar bai ƙara sa shi a ido ba, kuma ya tambaya har ya gaji.

Kada ka buɗe baki, Mukhtaru, na san dalilinka. Alhazan Kano da Sakkwato ba don kyan ɗakunanka suke sauka gidan nan ba, don tuwonta da kununta ne. Ka ga mudu guda a mako ya fi arha a kan ɗaukar mai dafuwa. Kai Lurwanu, tun kana yaro in yayanka ya ce rana ta faɗi da hantsi sai ka kunna fitila. Ke kuma Saudatu, ke kika auna alkamar da hannunki, na san taki ba ta kwaɗayi ba ce. Kina ganin ran da ta fita daga ɗakin nan, ranar kika yarda ƙanenki ba zai dawo ba. To share hawayenki ki dube ni. Ni na haife shi. Har yau in na ji ƙarar garwa a lungu sai na leƙa taga. In akwai mai hakkin riƙe yarinyar nan don ta ji kamar yana nan, ni ce, kuma na saki.

Ga abin da nake so ya zauna muku a kai. Wanda ya ciyar da mutum don ya ɗaure shi bai yi alheri ba, igiya ya saya. Kuma mai haƙuri ba wawa ba ne. Kun ɗauka ba ta gani, alhali tana gani ta rufa muku asiri. Allah bai bar haƙurinta ya faɗi ƙasa ba, da bakin mai sayar da abincin tsuntsaye ya tona shi.

Na koma wajen katibin jiya. Ya ce in shaidu suka dawo suka gyara maganarsu, alƙali zai sake zama, a yi cigiyar mutumin yadda shari'a ta ce, in ba a same shi ba a raba auren a ba ta sakkinta a hannu. Akwai kuma Abdulganiyyu, telan nan na Zahir da matarsa ta rasu. Tun tuni ya zo gare ni da mutunci, na ce masa matar aure ce, daga ranar ko lungunmu bai ƙara bi ba, bai kuma yi aure ba. Ko ta so shi ko ba ta so, wannan nata ne. In ta gama idda ta amince, daga ɗakina za a ɗauke ta, a matsayin 'yata.

Na tambaye ta ɗazu ko ta shirya. Ta ce, "Inna, in an raba, zan iya ci gaba da kai masa sadakar?" Na ce ki kai, amma gero, kuma mu tafi tare.

Ranar Litinin alƙali yana zama. Ni zan tsaya in faɗa da bakina cewa ɗana ya ɓace, bai bar wa matarsa komai ba. Maganar da ba uwar da take so ta furta ke nan, zan furta. Ku biyu ku tsaya kusa da ni ku faɗi daga aljihun wa alkamar take fitowa. Saudatu, ke za ki riƙe mata hannu a hanya, da bakin da kika yi mata dariya za ki nemi gafararta.

Ɗaga ƙyallen nan, Lurwanu. Mudun wannan makon ne, ban bari ya kai ƙofarta ba. Ku ɗauki abinku. Ina roƙonku, tun ina da ido, ku kashe maganar nan ku sallami 'yar mutane.