Yatsun Matar da Ke Jikin Bango

Ranar da Joris, sabon mai gyaran tsofaffin zane, ya shigo gidan tarihin birnin Gent, ya tsaya gaban hoton wata mata mai baƙar rigar siliki, ya hau yabo shi kaɗai.

"Dubi natsuwa! Dubi yadda haske ya kwanta a kumatunta."

"Wace natsuwa?" in ji Maartje mai gadin ɗakin. "Malam, dubi yatsunta. Mai zanen ya ɗiga fari a kowace gaɓa, ta damƙe kujerar ne. So take ta tashi, an ce ta zauna."

Ya duba, ya juyo ya dube ta, har ya manta da hoton.

Shekara huɗu Maartje tana tsaye a ɗakin nan, daga nan sai gida wurin mahaifinta, Baba Staf, wanda tun rasuwar mahaifiyarta ko ruwan shayi bai taɓa ɗorawa ba. Tana sonsa, amma gidan ya ishe ta.

Soyayya ta kankama tsakaninta da Joris, kullum wayarta cikin ƙara. Wata rana ya turo mata saƙo:

"Mai idon mikiya, an ba ni aiki a ƙasar waje, a birnin Oslo. Ki aure ni mu tafi. Ba ke, ba inda za ni."

Da ta gaya wa Baba, ya ture faranti.

"To, ni fa? Wa zai kula da ni, 'yar nan?"

Ta rubuta wa Joris tana kuka: "Ka tafi abinka, masoyi. Ba zan iya ba."

Joris bai tafi ba. Ya lallaɓi tsohon ya kawo shi gidan tarihin, ya nuna masa hoton nan, yadda mai zanen ya duhunta taga, ya matse matar a lungu. Baba bai damu da fenti ba. 'Yarsa ya hango a bakin ƙofa, tana kallon titi kamar ɗan makaranta mai jiran tashi.

Sati biyu bayan haka Maartje ta dawo ta tarar da kicin cike da hayaƙi, Baba riƙe da tukunyar dankali da ta ƙone ƙurmus.

"Zai ciwu," ya ce, idonsa jajur. "Kira yaron nan ku sa rana. Allah ya yi muku albarka."

Ta rungume shi da tukunyar duka. A watan Mayu aka ɗaura auren, kuma Baba ne ya fi kowa kuka.