Tafintan Abdulmajid

Da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sanda na unguwar Brickfields. Mai wani kantin mamak ne, irin shagon nan na shayi da abinci. Ya ce tun sassafe wani saurayi ɗan Afirka yake zaune a ƙofarsa, ba takalmi, ƙafafunsa duk sun yi kanta. Ya ba shi shayi da gurasar roti ya ci, amma ya ƙi jingina da kujera.

Insfekta Hisham ya je da kansa. A wuyan rigar saurayin ya ga an ɗinka suna, Abdulmajid, da adireshin wani gida a Sentul inda ake kula da masu jinkirin fahimta. Ya ɗaga rigar a hankali. Tsakanin kafaɗun akwai ƙuna ɗanya, shatin dutsen guga raɗau.

Ya gode wa mai kantin, ya wuce da saurayin asibiti.

Can shugabar gidan, Puan Khaulah, ta same su, tare da wani ma'aikacinta mai suna Ubale, ɗalibi ɗan Kano.

"Hausa kawai Abdulmajid yake ji sosai," in ji ta da Turanci. "Shi ya sa muka ɗauki Ubale. Shi ne bakinsa."

"To tambaye shi me ya same shi," in ji Insfekta.

Ubale ya sunkuya ya yi tambayar. Abdulmajid ya daɗe yana magana, kansa a ƙasa.

"Ya ce guga yake yi, ya zame ya faɗa kan dutsen," in ji Ubale.

"Shi ke nan abin da ya faɗa?"

"Shi ke nan, yallaɓai."

Insfekta Hisham bai san Hausa ba ko kalma ɗaya. Amma ya ji sunan Ubale ya fito a bakin saurayin, ya sake fitowa, kuma a cikin fassarar babu shi. Ya bar kofur a bakin gadon, ya ce kada kowa daga gidan ya matso.

A Sentul ya tarar da gida tsaf, da furanni a baranda. Ya nemi a nuna masa inda mazauna suke guga. Puan Khaulah ta ɗauko makulli ta buɗe wani ɗan ɗaki a bayan kicin.

"Kullum a kulle yake?"

"Don tsaronsu."

"Wa ke riƙe da makullin?"

"Ni da ma'aikacin da ke kan aiki."

"Kenan Abdulmajid ba zai iya shiga shi kaɗai ba."

Da ya tambayi ma'aikata nawa suka kwana a gidan, ta ce uku. Mai dafa abinci, da ya ja ta gefe, ta ce rabon da ta ga ma'aikaci fiye da ɗaya a aikin kwana ta manta, kuma jiya Ubale ne.

Daga nan ya wuce jami'ar da ke Jalan Semarak, inda yayar Abdulmajid, Ramatu, take digiri na uku. A mota ta ba shi labari. Iyayensu sun rasu, ita ta taho da ƙaninta, karatu ya hana ta zama da shi wuni. Ita ce ma ta kai Ubale gidan, don ƙanin ƙawarta ne.

"Na ce ga ɗan gida, ga mai jin yarensa," ta faɗa tana kallon titi. "Duk ranar da na je ziyara yana tsaye a kanmu. Na ɗauka kulawa ce."

A asibiti ta zauna bakin gadon ta kama hannun ƙaninta.

"Majidu, babu kowa sai ni. Faɗa min."

"Yaya, na yi fitsari a gado," ya ce a hankali. "Ubale ya ce in guge zanin da kaina. Ban iya ba. Ya ɗora min dutsen a baya. Ya ce in na faɗa ba za ki ƙara zuwa ba."

"Ka taɓa gaya wa Puan yana cutarka?"

"Na gaya mata. Ubale ya ce mata wai makan nake so, wato abinci."

Ramatu ta juya wa Insfekta maganar da Turanci, kalma bayan kalma, ba ta tsallake komai ba.

Da suka koma gidan na Sentul, a ofis Ubale ya fara da rantsuwa. Insfekta ya bar shi ya gama, sannan ya ce masa likita ya tabbatar babu yadda mutum zai ƙona tsakanin kafaɗunsa haka, kuma a wannan karon yayar Abdulmajid ce ta yi tafinta.

Ubale ya dafe kai.

"Ni kaɗai ake bari da su duka, yallaɓai. Ga jarrabawa a gabana, ban runtsa ba. Ban san lokacin da hannuna ya kai ba."

"Da ka karkatar da maganarsa fa, wata da watanni? Shi ma ba ka sani ba?"

Aka sa masa ankwa. Insfekta ya sanar da Puan Khaulah cewa ita ma za ta amsa tuhumar sakaci da yi wa hukuma ƙarya, kuma jami'an jin daɗin jama'a suna hanya don su duba sauran mazauna gidan ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ma'aikaci a ɗakin ba.

Ramatu, wadda ta biyo Insfekta daga asibiti, tana tsaye a baranda lokacin da aka fito da Ubale. Ya buɗe baki zai ce "Anti," ta kawar da kai. Sai da motar 'yan sandan ta fita da shi ta juyo wurin Insfekta.

"Ba yarenmu ɗaya ba, amma kai ka fara jinsa. Allah ya saka da alheri, ya raya maka zuri'a."

Bai fahimci addu'ar duka ba, don da Hausa ta ƙarasa ta. Ya dafa ƙirji ya ce amin. Sannan ya ɗauko makullin motarsa ya ce ta zo ya mayar da ita asibiti, kada Abdulmajid ya farka bai gan ta ba.