Baƙin Waken Mariya

Ranar Talata da safe Sufeto Zailani yana tsakiyar shan shayi aka ajiye masa rahoto. Wai mutane sun ci abinci jiya da yamma a wani gidan abinci a unguwar Hor Al Anz, nan ƙasar Larabawa, kafin gari ya waye an kwashi da yawa zuwa asibiti, ciki ya ɓalle musu. Yawancinsu an sallame su. Amma wani dattijo, Alhaji Halliru, mai tura kaya Kano, yana can kwance an ɗaura masa ruwa, da ma ga shi da ciwon suga. Mai dafa abincin kuwa tana tsare tun asuba.

Zailani ake turawa duk sa'ad da Hausawa suka cika ofis da surutu. Kakanninsa Katsinawa ne da suka tafi hajji a ƙafa, suka yada zango a Sudan, zangon da ba a tashi ba har yau. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, idan ya buɗe baki sai ka ce kakarka ce ta sa kaki.

Ya tarar da gidan abincin a rufe, kujerun roba jibge a gefe. Mai wurin, Kamal, yana zaune a bakin ƙofa ya haɗa kai da gwiwa.

"Wa ke dafa maka abinci?"

"Su uku ne, yallaɓai. Hajiya Mero, ita ce mai tuwo. Mu'awiya mai tsire. Sai Mariya, wadda kuka kama."

"Bahaushiya ce?"

"Ina fa. Daga El Salvador take, can Amurka ta Tsakiya. Mu ne muka maida sunan Mariya."

Kamal ya ce bara ta zo neman aikin wanke-wanke. Wata rana ta yi wa kanta wainar garinsu, ta masara, mai cike da baƙin wake da cuku, wadda suke kira fufusa. Wani ɗan kasuwar Kwari ta Kano ya ɗanɗana, ya ce a ba shi wata. Shi ke nan magana ta bazu.

Ita ce kuma ta ce wai a ɗan garinsu ba a shiga ɗaki a ci abinci. Da rana ta faɗi sai kowa ya fito dandali, a jera tebura, a rataya ƙananan fitilu, mata na toya waina a gaban mutane, ana kiɗa ana hira. Kamal ya nemi izini ya fitar da tebura waje. Kun san mutanenmu da son inda ake taruwa. Daga la'asar sakaliya sai ka ga masu kago da ke tura kaya gida, masu canji, 'yan makaranta, har Larabawa da Indiyawa, kowa da waina a hannu, ana maganar kwantena ana zagin juna.

"Tuwon kuma fa?" in ji Zailani.

Kamal ya sosa ƙeya. "Yana fita. Shwayya-shwayya, kaɗan-kaɗan dai."

"Waɗanda suka ci tuwo jiya, akwai wanda cikinsa ya motsa?"

"Babu ko ɗaya. Masu waina ne kawai."

"Wa ke da makullin kicin?"

"Ni da su ukun."

A ofis Zailani ya sa aka fito da Mariya. Gajeriyar mace ce mai faɗin fuska, idanunta sun kumbura don kuka. Da ɗan Turancinta da guntun Larabci suka fahimci juna. Ta san abin da ke jiranta: in aka tabbatar ganganci ne, ɗauri ne, daga nan a sa ta a jirgi. Tana da 'ya'ya mata a gida, da albashin nan suke makaranta.

"Yaushe kika dafa waken?"

"Lahadi da dare. Kullum haka nake yi. In dafa, in dama, in sa a firij, washegari in yi aiki da shi."

"Wa ya rufe kicin?"

"Ni. Hajiya ta tafi da wuri, Mu'awiya ma."

"Da kika dawo Litinin, kin ga wani abu da ya canza?"

Ta girgiza kai, sannan ta tsaya. "Gawayi."

"Gawayi?"

"A kan murfin tukunyar, cikin firij. Ƙarami. A tsakiya daidai, kamar an ajiye shi. Na ce ko Mu'awiya ne yake wasa. Na ɗauke na ajiye a bakin taga."

Zailani ya koma kicin ɗin. Gawayin yana nan a bakin taga, ɗan zagayayye, ba a taɓa kunna shi ba. Ya naɗe shi a takarda ya sa a aljihu.

Kafin azahar sakamakon gwaji ya fito. Babu guba, wake bai lalace ba. Garin filasko, maganin wankin ciki, aka zuba a waken, kuma wanda ya zuba bai yi rowa ba.

Mu'awiya mai tsire dogo ne, mai son turare da madubi. Ya shigo ofis yana ta gaisuwa tun daga ƙofa.

"Lahadi da dare ina ka tafi?"

"Gida, ranka ya daɗe. Na yi sallah na kwanta."

"Abokan ɗakinka sun ce sai da asuba ka shigo."

Mu'awiya ya kau da kai.

"Malam Mu'awiya, an sami gawayi a kan tukunyar da aka zuba wa magani. A gidan abincin nan kai ne mai gawayi."

Zailani ya warware takardar a kan tebur. Mu'awiya ya leƙa, sai fuskarsa ta saki.

"Haba yallaɓai, da wannan zan gasa nama? Ko ƙafar kaza ba zai gasa ba. Nawa na itace ne, manya-manya, je ka duba buhun. Wannan ai na turaren wuta ne, na mata."

"To ina ka kwana?"

"Unguwar Karama. Wurin shan shisha, akwai masu kiɗa 'yan Habasha. Don Allah kada maganar ta kai Kano, surukina limami ne."

Zailani ya buga waya wurin, aka ce ai sun san shi sarai, har rawa ya taka. Da Mu'awiya ya ga ya tsira, sai baki ya buɗe, abin da ba a tambaye shi ba ma ya kawo.

"Ni abin tausayina Alhaji Halliru. Da kan tuwonsa ya tsaya da bai shiga wannan ba."

"Mai cin tuwo ne?"

"Tun kafin in zo garin nan. Matarsa ta rasu da daɗewa, Hajiya Mero ma mijinta ya rasu. Kwanonsa daban, na tangaran, ba mai taɓa shi. Man shanun da ake zuba masa a jakarta yake zama. In zai zo sai ka ga an canza mayafi, an sa kwalli. Ya zauna a ciki yana ci, tana tsaye wai tana goge tebur, teburin da ba abin da ya same shi."

"Yanzu fa?"

"Yanzu a waje yake zama, kujerar da ke kusa da kaskon Mariya. Har ya koyi yarenta. Ka ji tsoho da gemu fari yana cewa garasiyas, wai na gode ke nan."

Bayan ya fita, Zailani ya daɗe yana juya gawayin a hannu. Sai kakarsa ta faɗo masa a rai. Idan za ta aike shi da tuwo gidan maƙwabta bayan magariba, ba ya fita sai ta ɗora ɗan gawayi a kan murfin. Haka in abinci zai kwana. Wai don kada mutanen ɓoye su sa hannu. Ba ta taɓa tsayawa ta yi tunani ba, hannunta ne kawai yake yi.

Sai dai tunawa da kaka ba shaida ba ce a gaban alƙali.

Hajiya Mero tana zaune a hawa na biyu na wani tsohon gini, ɗaki ɗaya da ta raba da wata mai sayar da atamfa. Tun daga matakala ƙamshin turaren wuta ke tarar mutum. Mace ce mai jiki, ta sha lalle, ta karɓe shi da fara'a.

"Maraba da ɗana. Kai ne Bahaushen Sudan ɗin da ake faɗi? Shigo, zauna."

"Hajiya, ina wuni? Ya jiki? An ce Lahadi ba ki ji daɗi ba."

"Ciwon kai ne. Tun kafin isha na dawo na kwanta, ban sake fita ba."

"Abokiyar ɗakinki za ta shaida?"

"Tana Kano, ta kai kaya."

"Kina buɗe firij ɗin Mariya?"

"Ni? Me zan nema a ciki? Abincin da ba miya, ba man shanu, a tsaya a titi ana ci kamar an kori mutum daga gida. Ni ko kallonsa ba na yi."

"Kuna shiri da ita?"

"Lafiya lau. Yarinya ce mai ladabi. Sai dai dariya ta yi mata yawa, kowane namiji ta washe masa baki." Ta gyara mayafi. "Waɗanda aka kai asibiti, duk sun fito?"

"Saura ɗaya."

"Wa?"

"Alhaji Halliru."

"Allah sarki. Ban ma san yana ciki ba." Ta ɗauki carbi ta ajiye. "Da yawa ya ci?"

"An ce sau biyu ana ƙaro masa."

Hajiya ta taɓe baki. Can kuma ta ce, "Yana magana? Wa ke jinyarsa? Ai ba shi da kowa a garin nan."

"Ya farfaɗo ɗazu. Likita ya ce zai iya shan abu mai ruwa-ruwa, amma ya ƙi na asibiti. Da magariba zan koma wurinsa."

"Kunun gyaɗa yake so," ta faɗa da sauri. "Mai ɗan tsami, ba sukari. Ka biyo ta nan, ɗana, zan dama masa."

Bayan sallar magariba Zailani ya dawo, tare da wata kofur Balarabiya wadda ba ta jin Hausa, ya ce ta tsaya a bakin ƙofa. Hajiya ta riga ta gama. Ta juye kunun a kula, ta goge gefen da tsumma, ta rufe, ta sa a kwando, tana ta magana.

"Ka ce ya sha da zafinsa. Kada su ba shi da cokalin roba, ba ya so. Ka ce masa inji Mero."

Ta leƙa taga ta ga duhu ya shiga. Hannunta ya tafi kan kanta, inda kaskon turare yake, ya zaro ɗan gawayi daga kwali, ya ɗora a tsakiyar murfin. Ta miƙo masa kwandon.

Zailani bai karɓa ba. Ya ciro takardar daga aljihu, ya warware, ya ajiye nasa gawayin kusa da nata. Kamar tagwaye.

"Wannan a kan tukunyar Mariya aka same shi, Hajiya. Cikin firij."

Ta dubi gawayin, ta dubi hannunta. Ta ajiye kwandon a hankali, ta zauna a bakin gado.

"Kowa na da irinsa," ta ce, muryar ba ƙarfi.

"Kowa na da shi. Amma a cikin masu makulli ke kaɗai ce ba ki iya barin abinci ya kwana haka nan. Ko wanda kika zuba wa filasko."

Ta sake duban murfin kular.

"Ban ma san na sa ba," ta ce. "Wallahi ban sani ba."

"Me ya kai ki?"

"Ba kisa na nufa ba, ɗana. Cewa na yi cikinsu ya ɗan murɗa, su ce abincin baƙi bai karɓe su ba, kowa ya koma inda ya saba." Ta share ido da bakin mayafi. "Ni ba cinikin ne ya dame ni ba, albashina ba ya canzawa. Mutumin nan tun yana da baƙin gemu nake tuƙa masa tuwo. Na san gishirinsa, na san ranar da ƙafarsa ke ciwo. Ran Juma'a na zuba masa a kwanonsa, na sa man shanu, na leƙa na ce Alhaji ga shi zai huce. Ko juyowa bai yi ba. Ya ɗaga mini hannu ya ce, Mero ba wa wani, yau na ƙoshi. Ba wa wani. A kwanonsa."

"Mariya na da yara, Hajiya. Da kin bari an ɗaure ta?"

Ta sunkuyar da kai. Sai can ta ce, "A sake ta. Ita ba ta san komai ba, dariyarta kawai take yi."

Zailani ya buga waya ofis ya ce a shirya takardar sakin Mariya. Kofur ta shigo. Ya yi mata alama ta bar ankwa a ɗamara. Hajiya ta zaɓi mayafi mai kyau, ta kashe kaskon turare, ta kulle ɗakin da kanta.

A matakala ta tsaya ta riƙe ƙarfe.

"Ɗana, tsakaninka da Allah. Da ya farfaɗo, ya tambaye ni?"

Zailani ya so ya yi mata ƙarya, amma bai saba ba.

"Ya tambayi yaushe za a saki Mariya."

Hajiya Mero ta gyaɗa kai. Ta ci gaba da sauka, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Da suka kai bakin mota ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ashe ma filaskon bai ji ba. Da na ƙara hannu."

Kofur ta dubi Zailani. "Me ta ce, sufeto?"

Ya buɗe wa Hajiya ƙofar baya.

"Addu'a take yi," ya ce. "Yalla, mu tafi."